A tsare itacen da ke tsaye kafin a dasa sabo

Duk shekara idan damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, akan yi bikin dashen itatuwa a sakatariyoyin ƙananan hukumominmu na Bauchi da Gombe. A kafa rumfa, a gayyato hakimai da dagatai, ciyaman ya durƙusa ya sa ɗan dogon yaro a rami, a zuba masa ruwa, a sanar a rediyo cewa an raba tsirrai dubu kaza. Niyyar mai kyau ce, ban kuma raina ta ba. Sai dai duk mai bin hanyar Bauchi zuwa Ningi, ko ta Alkaleri zuwa Gombe, ko ta Toro, ya san abin da ke jibge a gefen titi rani da damina: buhunan gawayi tsibi-tsibi, suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa birni. Abin da ke cikin buhunan nan ƙirya ce da marke da kaɗanya, itatuwan da wasunsu sun girmi wanda ya sare su.

Ra'ayina shi ne, babban aikin da ke wuyan ƙananan hukumomi 20 na Bauchi da 11 na Gombe game da muhalli shi ne tsare abin da Allah ya riga ya tsirar: itatuwan gado da ke gonaki da dazuzzuka, da gaɓar koguna, da hanyoyin da namun daji da dabbobin gida ke bi zuwa ruwa. Dashe na biye ne. Kuma wannan tsaron babu wata gwamnati da ta fi ƙaramar hukuma iya shi, domin ita ce ta san wanda ya kama gatari da wanda ya ba shi izini.

Mu fara da su itatuwan kansu, don mutumin birni kan ɗauka itace itace ne, in an sare wannan a dasa wancan shi ke nan. Manomi ya san ba haka ba ne. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, lokacin da shuka ke neman rana, ya kuma fitar da sabo da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Shi ya sa gero da dawa suka fi yin kyau a ƙarƙashinsa, kuma shi ya sa kakanninmu ba su taɓa sare shi a gona ba. Ɗorawa ita ke ba mu kalwar da ake daddawa, da garin da yara ke sha, da makubar da ake shafe gini. Kaɗanya sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma in ta fara, takan ciyar da uwa da 'ya da jika da kuɗin man kaɗe. Kuka da tsamiya suna cikin tukunyar kowane gida. Ƙirya ita ce turmi da taɓarya da ƙotar fartanya, ita ce kuma gawayin maƙera, kuma taurin nan nata shi ya jawo mata, don gawayinta ya fi kowane daɗewa a murhu. Giginya na ba da azara da muruci, goruba na ba da kaba. Ɓawon maɗaci kuwa babu mai maganin gargajiyar da bai san shi ba.

Dogon yaro da turare, waɗanda su aka fi rabawa a bukukuwan dashe, suna da nasu amfanin. Suna saurin girma, suna jure fari, suna ba da inuwa a bakin titi da makarantu. Amma baƙi ne, daga wasu ƙasashe aka kawo su, kuma ba sa yin akasarin ayyukan da na lissafa. Matar da ta rasa kaɗanyar da take tsintar ƙwara ba ta sami madadi ba don an dasa dogon yaro a ƙofar sakatariya. Haka tsuntsu da zuma da biri da barewa, abin da suka saba ci suke nema, ba inuwa kawai ba.

Dole a yaba wa Gombe a kan shirinta na dashen itatuwa da ake kira 3G, wanda Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019 da burin dasa miliyan ɗaya kowace shekara. Wanda ya san garin Gombe a da, ya ga bakin titunansa yanzu, ya san an yi aiki. Haka nan jihohin biyu suna cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa, suna kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi na shigowa, ana kuma dasawa. Abin da ke damuna shi ne duk waɗannan shirye-shirye daga sama suke saukowa, da ofisoshinsu da motocinsu, kuma abin da suke iya ƙirgawa shi ne tsiron da ya fita daga wurin reno. Babu wanda ke ƙirga ɗorawar da ta faɗi jiya a bayan ƙauye. Wannan ƙirgen sai na kusa.

Wani zai ce ai daji na gwamnatin jiha ne, ina ruwan ciyaman? Doka ba ta ce haka ba. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin aikin bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ma'adinai kawai ya cire. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar gargajiya a filayen karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta jira gwamna ba. Wanda ke da ikon ba da fili haka, yana da ikon hanawa, yana kuma da ikon gindaya sharaɗi. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokokinta na cikin gida. Kowace sakatariya tana da sashen gona da albarkatun ƙasa, a cikinsa akwai ɓangaren gandun daji, ko da yanzu tebur ɗaya ya rage masa.

Ba ma sabon abu ba ne. Da yawan gandayen dajin tsohon lardin Bauchi tun zamanin En'e aka shata su, kuma En'e ce ke riƙe da su da malaman dajinta. Dattawa suna tuna lokacin da mutum ba ya kusantar ɗorawa ko kaɗanya da gatari, ko da a gonarsa take, sai da izini, kuma in ya kuskura, malamin daji zai kai shi gaban alƙali. Wancan tsari yana da nasa zaluncin, ba na marmarin dawowarsa yadda yake, domin akwai malaman dajin da suka mai da kakinsu abin tsoratar da talaka. Amma a lokacin kowa ya san daji yana da mai shi. Garambawul ɗin 1976 ya miƙa wa ƙananan hukumomi ayyukan En'e, sai sannu a hankali malaman daji suka yi ritaya, suka rasu, ba a ɗauki wasu ba, turakan iyaka suka ɓace, aka yanka gandaye aka raba gonaki.

Abin da ya rage na tsohon tsarin a wurare da yawa shi ne rasit. Nan ne zuciyar maganata take. Mota ta yi lodin gawayi ko itace, ta zo shinge, a karɓi kuɗin haraji, a yanka mata rasit, ta wuce. Daga wannan lokaci direban yana riƙe da takardar hukuma da ke nuna kayansa halal ne. Ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗi a kan kowace motar gawayi ta zama abokiyar cinikin, kuma kuɗin shigarta na ƙaruwa ne gwargwadon yadda dajinta ke ƙarewa. Ta yaya za a ce wa irin wannan hukuma ta hana sara? Kuɗin da ake samu ɗin ma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da asarar. Ramin gawayi irin namu yakan cinye itacen da ya ninka nauyin gawayin da zai fitar sau biyar ko fiye. An sayar da gadon shekara hamsin a kan kuɗin rasit ɗin kwana ɗaya. Mun ga yadda irin wannan ta ƙare a maƙwabciyarmu Taraba, inda aka kwashe madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin cikin 'yan shekaru. 'Yan kasuwa sun ci riba sun tafi, mutanen ƙauyukan suna nan da kututture.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: da me talaka zai yi girki? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa da suka koma gas sun ajiye tukunyar sun dawo gawayi, kananzir kuwa ya daɗe da fin ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Saurayin da ke haƙa ramin gawayi a daji shi ma ba don marmari yake shaƙar hayaƙin ba, babu ce ta kai shi. Duk dokar da za ta fara da kama matar da ta ɗauko dammin ƙirare a ka, ko tsohon da ya sassaɓe reshe don ya gyara danga, dokar zalunci ce, kuma ba za ta kai shekara ba jama'a za su karya ta. Amma akwai bambanci mai faɗi tsakanin wannan mata da dillalin da ke zaune a birni, ya sayi injin zarto, ya ba yara kuɗin kafin alƙalami, ya aiko da tirela. Ita busasshe take tsinta. Shi ɗanye yake kayarwa, kuma dagaci ya san sunansa, mai unguwa ya san inda raminsa yake. Hukumar da ke son yin adalci ta san daga inda za ta fara. A nan ne kuma dogon yaro zai yi rana: kowace gunduma ta ware fili ta dasa shi don itacen girki, a riƙa sarewa yana tohowa, a kuma taimaka wa maƙeran gari da magina su riƙa yin murhu mai tsimin itace. In an ba mutane abin ƙonawa, sai a sami bakin hana su taɓa kaɗanya.

Akwai darasi a wajen 'yan'uwanmu na Nijar, a ƙasashen Maraɗi da Damagaram, inda ruwan sama bai kai namu ba. Tun daga shekarun 1980 manoman can suka sauya yadda suke sharar gona. Maimakon su tumɓuke duk wani toho da ya fito daga kututture ko saiwa, sai su zaɓi masu ƙarfi su bari, su rage sauran, su riƙa gyara su suna girma. Ba reno, ba ban ruwa, ba shinge, domin saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa. Ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, akasarinsu gawo. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai sassaɓe shi, zai sayar da reshensa, babu jami'in da zai zo ya ci shi tara. Gonakin Katagum da Gamawa da Dukku da Nafada cike suke da irin waɗannan kututtura masu rai, sabara da kalgo da gawo da aduwa, muna sare tohonsu duk bazara muna ƙonawa. Malamin gona ɗaya mai babur da man zuwa ƙauyuka zai iya koya wa gunduma guda wannan, kuma majalisar kansiloli za ta iya rubuta wa manomi tabbacin cewa abin da ya rena nasa ne. Kuɗin rumfar biki ɗaya ya isa a fara.

Yanzu Yankari, matattarar namun dajin da duk ɗan Bauchi ke alfahari da ita. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ta dawo hannun jiha a 2006. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244. A cikinta ne ruwan ɗumi na Wikki yake, a cikinta ne kuma ɗaya daga cikin garkunan giwa mafi girma da suka rage a Najeriya yake, ko da yake ana kiyasin ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da dorina, da 'yan zakunan da ba su da yawa. Raƙumin dawa da kyarkeci kuwa sun ƙare a can. Tun da gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014, sintiri ya ƙaru, kisan giwa don haure ya ragu ƙwarai, kuma masu gadin da ke kwana a wannan daji da ransu a hannu sun cancanci addu'armu.

Amma mai gadi cikin daji yake tsarewa, makomar Yankari kuwa a wajenta ake yanke ta, a ƙauyukan gundumomin Duguri da Pali da Gwana na ƙaramar hukumar Alkaleri. Giwa ba ta san iyaka ba. Da rani tana bakin kogin Gaji, da damina ta bazu, ta bi hanyoyin da iyayenta suka bi, waɗanda yanzu gonaki ne. Garke ɗaya in ya shiga gonar masara ko dawa da dare, kafin gari ya waye abincin shekara ya tafi. Ka sa kanka a matsayin wannan magidanci. Ya ci bashin taki, ya yi noma uku, yana jiran kaka, sai ya tarar da gonarsa kwance. An gaya masa in ya taɓa giwa gidan yari zai tafi. Baƙi suna zuwa daga Abuja da Legas suna wanka a Wikki, shi bai taɓa ganin sisin kwabo daga ƙofar shiga Yankari ta Mainamaji ba. Ranar da mafarauci zai zo neman wanda zai nuna masa hanya, wa kake jin zai nuna masa?

Ni a ganina, wanda giwa ta ci wa gona yana bin al'umma bashi, domin shi ke ɗauke da nauyin abin da dukkanmu muke tinƙaho da shi. Ƙaramar hukuma ce ya kamata ta riƙe rajistar irin wannan ɓarna, malamin gona da dagaci su je su auna, a biya mutum ko da rabin asararsa kafin wata damina, a kuma matsa wa jiha ta ware wani kaso na kuɗin shiga Yankari ga ƙauyukan da ke kewaye, a gani a rijiya da aji da ɗakin shan magani. Ita ce kuma ya kamata ta daina ba da sababbin gonaki a kan hanyoyin da kowa ya san na giwa ne, don duk gonar da aka yanka a can rigimar baɗi aka shuka. Irin wannan magana ta shafi Yamaltu-Deba, inda dorinar madatsar Dadin Kowa ke fitowa tana cin shinkafar mutane, wani lokaci har da rasa rai. Ga kuma rijiyoyin man Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 a kan iyakar jihohin biyu, a wannan yankin na Alkaleri. In aikin ya kankama zai kawo hanyoyi da baƙi da neman fili da neman itace, kuma gara a shata abin da ba za a taɓa ba tun ƙafa ba ta yi yawa ba.

Makiyaya ma ana yawan ɗora musu laifi, cewa su ke kutsawa Yankari da shanu, su ke sassaƙe maɗaci da kawo don dabbobi. Suna yi, kuma ɓarna ce. Amma a tambayi ardo ina burtalin da kakansa ya bi, ina mashayar, ina makiyayar da dokar 1965 ta Jihar Arewa ta keɓe. Da yawa an nome su, kuma ba a ɓoye aka nome ba, da sa hannun wani aka yanka. Wawa-Zange a Gombe tana cikin manyan makiyayun ƙasar nan, ita ma ba ta tsira daga kutse ba. Bafulatanin da aka toshe wa hanya ta gabas da yamma, gandun daji zai nufa. Ciyaman ɗin da ya buɗe burtali ɗaya ya kafa masa turaka ya yi wa Yankari aikin da masu gadi goma ba za su yi ba, ya kuma rage wa kansa shari'ar manomi da makiyayi.

Sauran wuraren ba su sami ko rabin kulawar Yankari ba. Dajin Lame-Burra da ke tsakanin Toro da Ningi, tun da ido ya ɗauke daga kansa, masu sara suka shiga, bayansu ɓata-gari suka sami maɓoya, abin da ya nuna cewa dajin da hukuma ta yi watsi da shi wani ne zai karɓa. Tafkin Maladumba na Misau yana cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar tun 2008, amma yara nawa ne a makarantun Misau aka taɓa kai su su gan shi a matsayin abin alfaharinsu? A gandun namun daji na Sumu da ke Ganjuwa kuwa, raƙuman dawa da jakunan dawan da ke ciki daga Namibiya aka kawo su a 2006. Raƙumin dawa da ya taɓa yawo a dajinmu sai da aka tsallaka rabin nahiya kafin 'ya'yanmu su sake ganinsa.

Maganar ruwa ita ta fi taɓa kowa, har wanda bai damu da giwa ba. Manyan kogunanmu biyu daga tsaunukan Jos suke tasowa. Gongola ta ratsa Bauchi da Gombe ta je ta haɗu da Binuwai a Numan. Jama'are ta bi arewacin Bauchi ta nufi Yobe. A da gaɓar kogunan nan da ƙoramun da ke shayar da su a rufe suke da itatuwa da ciyayi, baure da kanya da ɗinya da gamba, saiwoyinsu na riƙe da ƙasa, suna rage wa ruwa gudu. Yanzu noman rani ya kai har bakin ruwa, an share komai don a sami ƙarin kunya biyu ta albasa ko tumatir, ga tifofi suna kwasar yashi dare da rana. Idan ruwa ya zo, sai gaɓa ta zabtare, ƙasar ta cika cikin kogin, kogin ya rasa zurfi, ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Mutanen Zaki da Gamawa da Jama'are da Katagum sun ɗanɗana a 2022, sun sake ɗanɗanawa a 2024. Ba na cewa sarar gaɓa ce kaɗai ta jawo ambaliyar, ruwan ya yi yawa a shekarun nan. Amma kogin da aka tuɓe wa gaɓa ba ya iya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Ƙasar da ke zabtarewa kuma tana tafiya ne ta kwanta a gindin madatsun ruwa, a Dadin Kowa da aka gama a 1984 wadda garin Gombe ke sha daga gare ta, da Gubi da ke shayar da Bauchi. Kwazazzaban da suka tsaga unguwannin Gombe, waɗanda ake kashe maƙudan kuɗi wajen ɗaure su da siminti, daga 'yan ƙananan hanyoyin ruwa suka faro a tudun da aka share.

Dokar barin tazara tsakanin gona da bakin kogi ba ta bukatar Bankin Duniya. Kansiloli su zauna da sarkin ruwa da sarkin noma da shugabannin 'yan fadama, a amince da taku kaza da ba za a nome ba, a bar shi ya toho da kansa, a kuma keɓe wuraren da aka yarda a ɗebi yashi nesa da gada da gari. Sarkin ruwa a da shi ke cewa yau a shiga su, gobe a fita, shi ke hana taru mai ƙananan idanu. A mayar masa da wannan iko da goyon bayan hukuma, ya hana kamun kifi da gidan sauro da zuba guba a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Addini ma yana bayanmu a nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma ya keɓe hurumin kiwo a kusa da Madina, Sayyadina Umar ya yi irinsa a bayansa. Limamanmu da limaman coci-coci na Billiri da Kaltungo da Tafawa Ɓalewa da Bogoro suna da jama'ar da babu wani jami'in muhalli da zai iya tarawa.

Saura uzurin da ciyamomi suka fi kawowa, cewa hannunsu a ɗaure yake, kuɗinsu na asusun haɗin gwiwa da jiha, bayan albashi babu abin da ke saura. Akwai gaskiya a ciki. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, aiwatarwar kuwa ta yi ta jan ƙafa. Ina goyon bayan a sakar musu kuɗinsu, kuma in an saki, ina so in ga an ɗauki sababbin malaman daji, musamman daga cikin mafarauta da 'yan banga da suka san kowace ƙorama, a ba su albashi da babur da lambar da jama'a za su kai ƙara in sun yi zalunci. Amma daina yanka wa motar gawayi rasit ba ya cin kuɗi. Ƙin sa hannu a takardar gona a cikin gandu ko burtali ba ya cin kuɗi. Gaya wa dagaci cewa duk wanda ya sayar da yankin gandu za a kai maganarsa fadar sarki, shi ma bai ci ko kwabo ba. Abin da waɗannan ke ci shi ne farin jini a wajen wasu masu ƙarfi, dillalai da 'yan siyasar da ke raba fili lokacin zaɓe, kuma shi ne ainihin abin da ake tsoro.

Saboda haka abu na farko da nake roƙon kowane ciyaman, ranka ya daɗe, ƙarami ne. A nemo tsofaffin takardu da taswirorin gandayen daji da makiyaya da burtalai na ƙaramar hukumarka, daga sashen gona ko daga ma'aikatar jiha. A tara dattawan da suka san inda turakan suke tun suna raye, a bi iyakokin da ƙafa tare da hakimi da ardo da sarkin noma, a rubuta abin da ya rage da abin da aka ci, a manna a allon sakatariya da ƙofar fadar kowane hakimi, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci. A yi wannan tsakanin ƙarshen damina da farkon kaka, domin da zarar an kawar da amfanin gona, hanyoyin daji sun bushe, tirela ta sami shiga, a lokacin ne injin zarto ke fara kuka, masu farauta kuma su fara cinna wa ciyawa wuta.